Hawa-hawa: tambayoyi da amsoshi kan kalmar stratum a fannonin kimiyya

Ɗalibin da ya shiga ajin ilimin duwatsu da safe, ya wuce na ilimin jikin ɗan Adam da rana, sannan ya buɗe littafin ƙididdiga da yamma, yana iya cin karo da kalma guda har sau uku: stratum, jam'inta strata. Kowane malami da abin da yake nufi da ita, kuma ba kasafai ake tsayawa a bambance ba. Ruɗanin da wannan ke jawowa ba ƙarami ba ne, don mutum kan ɗauki dokar fanni ɗaya ya kai ta inda ba ta aiki.

Daga ina kalmar ta fito?

Daga harshen Latin. Asalinta aikatau ne mai nufin shimfiɗawa, don haka stratum shi ne abin da aka shimfiɗa, kamar mayafin gado ko duwatsun da aka daɓe hanya da su. Masana a Turai sun yi ƙarnuka suna rubutu da Latin, shi ya sa fannoni da dama suka ara ta, kowa ya ja ta wajensa. A nan za mu riƙa cewa "shimfiɗa" ko "hawa", gwargwadon wanda ya fi dacewa da wurin.

Me masu ilimin duwatsu ke nufi da ita?

Shimfiɗa ce ta yashi, laka, yumɓu ko tokar dutse mai aman wuta, wadda ta kwanta a wani lokaci, daga baya ta daskare ta zama dutse. Kana iya ganin somin abin da idonka. Ɗebi ƙasa dintsi biyu ka zuba a kwalba mai haske, ka cika ta da ruwa, ka girgiza sosai, ka ajiye. Kafin minti ɗaya tsakuwa da yashi sun sauka ƙasa. Laka za ta biyo baya a hankali ta kwanta a kansu. Yumɓu kuwa sai ya kwana ɗaya ko biyu yana yawo, ruwan na nan jawur, kafin ya sauka ya yi wani siririn layi a can sama. Abin da koguna da tekuna ke yi ke nan, sai dai su shekaru miliyoyi suke ɗauka, ambaliya kan ambaliya.

Wanda ya fara tsara dokokin karanta waɗannan shimfiɗu likita ne ɗan ƙasar Denmak mai suna Nicolas Steno, wanda ya zauna a Italiya. A 1666 aka kawo masa kan wani ƙaton kifin shak ya feɗe, sai ya lura haƙoransa sun yi daidai da wasu 'yan duwatsu da ake tsinta a cikin tsaunuka. Tambayar da ta dame shi ita ce: yaya aka yi haƙori ya shiga cikin dutse? Amsar da ya wallafa a 1669 ita ce dutsen a da laka ne mai laushi. Daga nan ya fitar da dokokinsa: shimfiɗar ƙasa ta riga ta sama kwanciya, kowace shimfiɗa a kwance take farawa, in ka gan ta a karkace wani abu ne ya karkata ta daga baya, kuma takan miƙe ta kowane gefe har sai wani abu ya tare ta.

Bayan fiye da shekara ɗari, wani mai awon ƙasa a Ingila, William Smith, wanda aikinsa ya haɗa shi da haƙar magudanan ruwa da ramukan kwal, ya gano cewa kowace shimfiɗa tana da irin burbushin halittun da ake samu a cikinta. Da wannan ya iya gane shimfiɗa guda a wurare masu nisa da juna, ya kuma fitar da taswirarsa ta duwatsun Ingila da Wales a 1815.

To ke nan kullum na ƙasa shi ne mafi tsufa?

A'a, kuma nan ne aikin ke da daɗi. Idan nahiyoyi suka yi karo, duwatsu kan lanƙwashe har su kife, tsohuwar shimfiɗa ta koma sama. Masu binciken suna da dabarar gane hakan, kuma kwalbar nan ta riga ta nuna maka ita: a cikin shimfiɗa guda manyan ƙwayoyi ne ke ƙasa, ƙanana a sama. In ka tarar da tsakuwa a sama, yumɓu a ƙasa, galibi dutsen ya kife ke nan.

Akwai kuma lokacin da ya ɓace ɗungurungum. Ruwa da iska kan cinye shimfiɗu kafin sabbi su kwanta, sai ka ga duwatsu biyu manne da juna alhali shekaru miliyoyi ne tsakaninsu. A 1788 James Hutton ya kai abokansa wata gaɓar teku a Sikotland da ake kira Siccar Point, ya nuna musu shimfiɗu a tsaye, wasu kuma kwance a kansu. Kafin hakan ta faru sai na farko sun kwanta, sun daskare, an tayar da su tsaye, an cinye kansu, sannan teku ko kogi ya sake zuba sabbi. Wurin ƙarami ne, amma shi ya sa mutane suka fara fahimtar tsawon shekarun duniya.

Shimfiɗa na faɗin shekarunta ne?

Ita kanta jeri kawai take bayarwa, wane ya riga wane. Adadin shekaru daga wani wuri yake fitowa. A cikin tokar dutse mai aman wuta akwai 'yan ƙwayoyin ma'adini masu ɗauke da yuraniyam, wanda ke rikiɗewa ya zama darma a kan wani ƙayyadajjen sauri. In aka auna nawa ya rikiɗe, an san shekarun tokar, an kuma san na abin da ke sama da ƙasa da ita.

Wata shimfiɗa siririya ta yi suna a duniya. A kusa da garin Gubbio na Italiya akwai layin yumɓu wanda kaurinsa bai fi santimita ɗaya ba. A 1980 Luis Alvarez da ɗansa Walter da abokan aikinsu suka bayyana cewa yana ɗauke da ƙarfen iridiyam fiye da kima, ƙarfen da ya yi ƙaranci a doron ƙasa amma yake da yawa a duwatsun sararin samaniya. An sami irin layin a nahiyoyi daban-daban, duk mai shekara miliyan 66, daidai lokacin da manyan dabbobin nan na dainoso suka ƙare. Daga baya aka gano ramin da ƙaton dutsen da ya zo daga sararin samaniya ya faɗa, a Chicxulub da ke Meziko.

Ƙanƙara ita ce ke ba da lissafi mafi tsafta. Dusar ƙanƙarar kowace shekara kan danne ta bara, ta kulle 'yan kumfan iska a ciki. Sandar ƙanƙarar da aka haƙo a Dome C na Antatika ta haura mita 3,000, tana kuma ɗauke da iskar shekara 800,000. A duk tsawon wannan lokaci iskar kabon ba ta wuce kashi 300 cikin miliyan ba. Yau ta haura 420.

Masu haƙo kayan tarihi fa, ma'anarsu ɗaya da ta masu duwatsu?

Dokar Steno suka ara, amma ɗan Adam ya fi kogi ɓarna. Yana haƙa rijiya, kabari, ramin shara da harsashin gini, kuma duk ramin da ya haƙa yakan cika da kayan zamaninsa a tsakiyar shimfiɗar kakanninsa. Don haka zurfi kaɗai ba hujja ba ne. Mai haƙa na gari yakan bi sauyin launin ƙasa da taurinta da ɗan cokalin gini, yana neman bakin kowane rami. A 1973 Edward Harris ya fito da wani zane da ake jera kowace shimfiɗa da kowane rami a kansa bisa wane ya yanke wane, kuma har yau da shi ake aiki.

Akwai ƙa'idar da ya kamata kowa ya riƙe: in aka tsinci kwabo a ƙarƙashin daɓen ɗaki, daɓen bai riga kwabon ba, amma yana iya zuwa bayansa da shekara ɗari, don kuɗi na daɗewa a hannu.

Abin takaici a wannan fanni shi ne haƙa ba ta maimaituwa. Heinrich Schliemann ya fara tonon tudun Hisarlik a Turkiyya a farkon shekarun 1870 yana neman tsohon birnin Troy, wanda labaran Girkawa na da suka ce an yi babban yaƙi a kansa. Tudun na ɗauke da birane tara, wani kan wani. Saboda gaggawa ya tsaga ƙaton rami ta tsakiya, ya zubar da shimfiɗun sama ba tare da ya rubuta su yadda ya kamata ba. Zinariyar da ya samu a 1873 ta girmi zamanin da yake nema da fiye da shekara dubu, kuma wani ɓangare na abin da yake nema yana cikin abin da ya rushe.

Hawa-hawan ƙasar noma su ma shimfiɗu ne?

Kama suke yi, amma ba zubo su aka yi ɗaya bayan ɗaya ba. A wuri guda suka samu. Ganye da saiwa na ruɓewa a sama su baƙanta ƙasa, ruwan sama na wanke yumɓu da ma'adinai ya kai su ƙasa, dutsen da ke can ƙarƙashi kuma yana ta rugujewa. Masanin Rasha Vasily Dokuchaev ne ya kafa wannan fahimta a shekarun 1880. Ana kiran hawan da haruffa, A, B da C, kuma tambayar wanne ya girmi wanne ba ta da ma'ana sosai a nan.

Ta yaya aka san cikin duniya hawa-hawa ne alhali ba wanda ya je?

Gaskiya ba wanda ya je. Rami mafi zurfi da aka haƙa a tsaye, na Kola a Rasha, ya tsaya a mita 12,262, alhali daga doron ƙasa zuwa tsakiyarta kilomita 6,371 ne. Girgizar ƙasa ce ta tona asirin. Igiyoyinta kan sauya sauri ko su karkata idan suka shiga wani abu dabam. Da haka Andrija Mohorovičić ya gano iyakar ɓawon duniya a 1909, Inge Lehmann kuma ta gano a 1936 cewa a tsakiyar narkakkiyar cibiyar akwai wata cibiya dabam. Abin da ya jera waɗannan hawa nauyi ne: ƙarfe ya nutse tsakiya, duwatsu marasa nauyi suka taso.

Me ya raba sararin sama hawa-hawa tunda duk iska ce?

Zafi da sanyi. A hawan farko, tirofosfiya, duk kilomita ɗaya da ka hau zafi na raguwa da kimanin digiri 6.5. Iska mai zafi na tashi, mai sanyi na sauka, kuma a cikin wannan juyi ne gajimare da hadari da ruwan sama suke. Tsayinsa kilomita 8 ne a ƙarshen duniya na arewa da kudu, ya kai 18 a kan layin da ya raba duniya arewa da kudu.

A 1902 Léon Teisserenc de Bort a Faransa da Richard Assmann a Jamus, kowa da nasa balan-balan masu ɗauke da ma'auni, suka gano cewa akwai inda sanyin ke daina ƙaruwa. Wannan ne hawa na biyu, sitiratosfiya, wanda ya kai kusan kilomita 50, kuma sunansa daga kalmarmu ya fito. A can iskar ozon na shanye wani hasken rana mai ƙona fata wanda ido ba ya gani, sai saman hawan ya fi ƙasansa ɗumi. Iska mai ɗumi a kan mai sanyi ba ta da dalilin juyawa, sai ta kwanta lumui. Shi ya sa abin da ya shiga can yake daɗewa. Dutsen Pinatubo na Filifin ya yi aman wuta a 1991 ya watsa hayaƙin farar wuta har can, inda babu ruwan saman da zai wanke shi, kuma zafin duniya ya ragu da kusan rabin digiri a shekarar da ta biyo. Haka ma sinadaran firiji da suka huda ozon, waɗanda yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta sa aka daina yi.

Ruwa ma yana yin hawa?

Ƙwarai. Ruwan ɗumi ya fi na sanyi sauƙi, ruwan daɗi ya fi na gishiri sauƙi, don haka mai sauƙin ke hawa sama. Wanda ya taɓa iyo a tafki mai zurfi ya san yadda ƙirji ke jin ɗumi ƙafa na jin sanyi. A Baƙin Teku da ke arewa da Turkiyya, in an wuce zurfin mita 200 babu iskar shaƙa ko kaɗan, don ruwan ƙasa ba ya gauraya da na sama.

Rashin gaurayar na iya zama bala'i. Tafkin Nyos a Kamaru yana cikin bakin tsohon dutse mai aman wuta, kuma iskar kabon ta yi shekaru tana taruwa a ruwansa na ƙasa, nauyin na sama ya danne ta. A daren 21 ga Agusta 1986 hawan suka birkice, iskar ta fito gaba ɗaya ta gangara cikin kwari, ta kashe mutane fiye da 1,700 da dubban dabbobi. Tun 2001 aka fara sa bututu da ke zuƙo ruwan ƙasan a hankali don iskar ta riƙa fita kaɗan-kaɗan.

Na ga kalmar a littafin ilimin fata. Dokar Steno na aiki a can?

A kife take aiki, kuma wannan ne misalin da na fi son ɗalibi ya riƙe. Ɓawon fata na sama hawa huɗu ne a yawancin jiki, biyar a tafin hannu da tafin ƙafa. A hawan ƙasa ake haifar sababbin ƙwayoyin halitta, a nan ne kuma ƙwayoyin da ke ba fata launi suke. Kowace sabuwa na tura ta gabanta sama. A hanya takan baje, ta cika da wani sinadari mai tauri irin na farce, ta rasa cibiyarta, ta mutu. Tafiyar na cin kimanin mako huɗu. Dubi diddigenka lokacin sanyi, farin da kake gani yana ɓarewa shi ne hawan ƙarshe, matattun ƙwayoyi da ke tsare ruwan jiki kada ya tsere. A dutse sabo ne ke sama. A fata tsoho ne ke sama, kuma ƙwaya guda ce ke ratsa dukkan hawan a rayuwarta.

A wasu sassan jiki ba maganar shekaru ba ce sam, rabon aiki ne. Ɓawon ƙwaƙwalwa hawa shida ne, wani na karɓar saƙo, wani na aikawa. Ɗan tayi kuma yakan fara da hawa uku: na waje ya zama fata da ƙwaƙwalwa, na tsakiya tsoka da ƙashi da jini, na ciki kuma rufin hanji da huhu.

A daji fa?

Haske ne ke rabon. A kurmi mai yawan ruwan sama akwai 'yan dogayen bishiyoyi da suka zarce kowa, sai rumfar ganye da ke kama yawancin rana, sai ƙananan bishiyoyi, sai ƙasa inda hasken da ke isa bai wuce kashi 2 cikin ɗari ba. Kowane hawa da tsuntsayensa da ƙwarinsa.

Me masu ƙididdiga ke nufi da ita?

Rukuni kawai, babu sama babu ƙasa. A ce makaranta na da ɗalibai 1,000, maza 700 mata 300, kana son jin ra'ayin 100. In ka yi ƙuri'a kai tsaye, sa'a na iya ba ka mata 18 ko 41. In ka fara raba su rukuni biyu, ka zaɓi maza 70 da mata 30 ta ƙuri'a a cikin kowane rukuni, ka toshe wannan ƙofar kuskure. Jerzy Neyman, ɗan ƙasar Poland, ya kafa hujjar wannan hanya a 1934, ya kuma nuna cewa rukunin da mutanensa suka fi bambanta da juna shi ya kamata a fi ɗiba daga ciki. Sharaɗin shi ne kowane mutum ya faɗa rukuni ɗaya tak, kada a bar kowa a waje.

Idan aka ce al'umma hawa-hawa ce, ba gaskiya ba ne?

Akwai gaskiya a ciki. Dukiya da ilimi da iko ba a raba su daidai ba, kuma sau da yawa ɗa kan gaji matsayin ubansa. Karl Marx ya ɗora rabon a kan wanda ya mallaki hanyar samar da dukiya da wanda ke sayar da ƙarfinsa. Max Weber ya ce ma'auni uku ne, dukiya da martaba da iko, kuma ba lallai su taru a hannu ɗaya ba: malami na iya samun girma ba shi da kuɗi. Pitirim Sorokin ya rubuta a 1927 kan yadda mutane ke hawa da sauka tsakanin matakan.

Amma a nan ne aron kalmar ke da haɗari, kuma ina ganin ya kamata a faɗe shi a fili. Shimfiɗar dutse ba wanda ya zaɓa mata wurinta, ba ta jin zafin abin da ke kanta, ba ta kuma iya tashi. Idan aka saba kiran talakawa "hawan ƙasa", a hankali zuciya kan ɗauka can aka halicce su. Alhali matakan mutane mutane ne suka gina su, da doka da gado da wa aka bari ya yi karatu. A Afirka ta Kudu dokar 1950 ce ta rarraba jama'a bisa launin fata, ta ƙayyade inda kowa zai tsaya, kuma majalisa ce ta soke ta a 1991. Mai nazarin al'umma da ya manta wannan ya koma yana siffanta zalunci kamar yana siffanta tsauni.

Harshe kuma yaya yake yin hawa?

Ta hanyar cin ƙasa da cuɗanya. Bayan Julius Caesar na daular Roma ya ci ƙasar Gaul, inda Faransa take a yau, mutanenta suka bar harshensu a hankali suka koma Latin, amma wasu kalmominsu suka maƙale, kamar chemin, wato hanya, a Faransancin yau. Irin wannan ragowar harshen waɗanda aka ci ita ce hawan ƙasa. Daga baya ƙabilar Frank ta mamaye ƙasar, amma ita ce ta watsar da harshenta, ta bar sunanta a kan ƙasar da kalmomi irin su guerre, wato yaƙi. Wannan shi ne hawan sama. Larabci ya zauna a Sifen a zamanin mulkin Musulmi, daga 711 zuwa 1492, ya bar dubban kalmomi: aceite, wato mai, daga az-zait, azúcar, wato sukari, daga as-sukkar, alcalde, magajin gari, daga kalmar da ta ba mu alƙali. Sama da ƙasa a nan na nuna wa ke da mulki lokacin da harsunan suka haɗu, ba wane harshe ya fi wani daraja ba.

A kwamfuta fa?

Injiniyoyi ne suka yanka hawan da gangan don aiki ya yi sauƙi. Tsarin OSI na 1984 ya raba aika saƙo hawa bakwai, daga waya da igiyar rediyo a ƙasa har manhajar da kake taɓawa a sama. Kamar wasiƙa ce da ake sa wa ambulan cikin ambulan: kowane hawa ya rubuta nasa adireshin, a ɗaya gefen kuma kowa ya buɗe nasa kawai. Shi ya sa wayarka ke barin Wi-Fi ta koma data ba tare da an sake rubuta manhajar ba.

Kalmar stratum kanta tana cikin tsarin NTP da ke daidaita agogon kwamfutoci a intanet. Agogon atam, wanda ya fi kowane agogo daidaito, shi ne hawa na 0, kwamfutar da ke haɗe da shi kai tsaye hawa na 1, wadda ta karɓa daga gare ta hawa na 2, har zuwa 15. Lamba 16 na nufin agogon bai daidaita da kowa ba.

Me ya haɗa kalmar da shuka iri?

Irin wasu bishiyoyin ƙasashen sanyi, kamar tuffa, ba ya tsira sai ya sha sanyi da danshi na makonni. Masu lambu a da kan jera shi a akwati, yashi mai laima, iri, yashi, iri, su bar shi a waje har hunturu ya wuce, kuma daga wannan jeri aikin ya samo sunansa. Yanzu a firiji ake sa irin, cikin leda da ɗan yashi mai laima, a sanyin digiri 1 zuwa 5, na wata biyu ko uku.